Yadda ake yi wa motar zamanin da farashi da yadda ake tsallako da ita boda ba a yi kuka ba

Bari in fara da raba zance, don mutane da yawa in an ce tsohuwar mota sai hankalinsu ya tafi kan gwangwanin da ke bayan gareji kaji na ƙwai a ciki. Ba ita nake nufi ba. Ina maganar motar da ta tsufa har tsufan ya koma daraja, irin su Mercedes W123, Peugeot 504 mai ƙofa biyu, Land Cruiser FJ40, Beetle ta da, Jaguar E-Type, waɗanda yanzu masu sha'awa ke bi ƙasa ƙasa suna nema. Kuma abin da na lura da shi shi ne kusan duk wanda ya ƙone a harkar nan a jerin aiki ya ƙone, wato ya fara ganin mota a hoto ta shiga ransa ya tura kuɗi, sai daga baya ya fara tambaya wai ana barin irinta ta shigo ƙasarsa kuwa. To mu bi abin yadda ya kamata.

Mataki na farko: doka kafin hoto

Tun kafin ka buɗe shafin masu sayarwa, ka nemi dokar ƙasar da motar za ta sauka, a rubuce, daga wajen kwastan ko hukumar rajistar motoci, ba daga bakin dillali ba. Saboda ƙasashe kala biyu ne a wannan fanni kuma sun saba wa juna gaba ɗaya. Akwai waɗanda tsufan mota ne ke buɗe mata ƙofa, akwai waɗanda tsufan ne ke rufe mata.

Amurka misali, motar da ba don kasuwarsu aka ƙera ta ba ba ta shiga cikin sauƙi sai ta cika shekara 25, kuma daga watan da aka ƙera ta ake lissafi ba shekarar kawai ba. Shi ya sa Nissan Skyline GT-R R32 da aka fara yi a 1989 sai 2014 ta fara shiga, kuma tun kafin lokacin farashinta a Japan ya fara tashi don dillalai sun san ranar na zuwa. Ta ɓangaren hayaƙi kuma hukumar kare muhalli ta Amurka, wato EPA, shekara 21 take nema amma da sharaɗin injin na asali ne. Kanada shekara 15 ce. Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai shekara 30 suke kallo in ana maganar sauƙin haraji. Can ɗaya gefen kuma ga irin Kenya da ke da dokar shekara 8, abin da ya wuce haka a ƙa'ida ba ya shiga, kuma ƙasashe da yawa na da makamanciyar wannan, wasu hanawa suke kwata-kwata wasu tara suke ɗorawa. In ƙasarka na cikin irin waɗannan to tambayarka ta farko ita ce akwai keɓantaccen izini na motar tarihi, wane ofis ke bayarwa, kuma kafin a loda ake karɓa ko bayan ta iso. Ostireliya kafin a loda ake neman izini, ka loda babu shi ka jawo wa kanka.

Sai maganar sitiyari, hannun dama ko hagu. Akwai ƙasashen da ba sa yi wa mai sitiyari a ɗaya gefen rajista, in ka ce kuma za ka kai a juya sitiyarin to ka sani ka taɓa asalin motar, darajarta ta sauka tun ba ta hau titi ba.

Mataki na biyu: ka san ainihin wace mota ce

Nan ne sababbin shiga ke shan mamaki. Suna ɗaya, shekara ɗaya, amma kuɗi ya ninka sau uku ko huɗu. Dalili kuwa bodi, inji, giya da yawan da aka ƙera. W123 da aka yi daga 1976 zuwa 1986 an ƙera wajen miliyan 2.7, amma mai ƙofa biyu ba ta kai dubu 100 ba, don haka ba za ka ɗauki kuɗin mai ƙofa huɗu ka auna ta da shi ba. E-Type zubin farko ta fi zubi na biyu tsada duk da wanda bai sani ba zai ce ai duk ɗaya ne. Mercedes 300 SL mai ƙofa kamar fiffike guda 1,400 aka yi, a cikinsu 29 kacal ne masu bodin alminiyom, waɗannan kuɗinsu wata duniya ce daban.

Don haka ka rubuta a takarda: samfuri, shekara da wata, lambar shasi, lambar inji, girman inji, giyar hannu ko otomatik, kalar fenti ta asali, kasuwar da aka yi wa ita tun farko. Lambar shasi mai harafi da lamba 17 da muka saba gani daga 1981 ta zama ƙa'ida, motocin da suka girme haka kowane kamfani da irin tsarinsa, wata gajera ce sosai, kar ka ga lamba tara ko goma ka ɗauka jabu ce, kar kuma ka ga an ce motar 1972 ce ga lamba 17 ka yi shiru.

Akwai abin da masu harkar ke mutuwa a kai, wato a ce injin da giyar da ke jikin motar su ne dai waɗanda ta fito da su daga masana'anta, lambobi sun yi daidai da rajistar kamfani. Ana iya tabbatarwa. Mercedes na da katin bayanan kowace mota, Porsche na ba da takardar shaida, Ferrari na da sashen Classiche mai tantance asalin tsofaffin motocinsu, motocin Ingila da yawa kuma ana samun takardarsu daga ma'ajiyar tarihin motoci da ke Gaydon. Kuɗin takardar ba wani abu ba ne in ka kwatanta da abin da za ta hana ka asara, kuma ita ce za ta nuna wa kwastan watan da aka ƙera motar in gardama ta tashi.

Mataki na uku: fitar da farashi

Ka ajiye wannan a ranka, kuɗin da mai mota ya rubuta a talla buri ne, kuɗin da aka biya aka ɗauki makulli shi ne farashi. Mota na iya yin shekara a shafin talla da wani uban kuɗi a kanta ba wanda ya taya, sai wani ya gani ya ce ai irin tawa ce, shi ma ya sa haka, su taru su yi ta ruɗin juna.

Inda ake samun kuɗin da aka sayar na gaskiya shi ne sakamakon gwanjo. Manyan gidaje irin RM Sotheby's, Bonhams, Mecum da Barrett-Jackson suna barin sakamakonsu a intanet, haka shafin gwanjo na intanet Bring a Trailer, wanda ni na fi so don hotuna ɗari da wani abu za ka gani na mota ɗaya har ƙarƙashinta, ka ga dalilin da ya sa wannan ta yi tsada waccan ta faɗi. Sai kamfanin inshora na Hagerty da ke da jadawalin farashi, sun kasa motoci gida huɗu: lamba 1 ita ce ta gasa wadda ta fi sabuwa kyau, lamba 2 mai kyau ƙwarai, lamba 3 lafiyayya da ake hawa tana da ƴan tabo, lamba 4 tana tafiya amma aibinta a fili yake. Gaskiyar magana yawancin motocin da ke kasuwa 3 ne ko 4, amma kowane mai sayarwa rantsuwa zai yi maka tasa 2 ce.

Yadda nake yi shi ne in tattara mota biyar zuwa goma irin wadda nake so sak, waɗanda aka sayar cikin shekara ɗaya ko ɗaya da rabi da ta wuce, in cire wadda ta fi kowa tsada don wataƙila masu kuɗi biyu ne suka yi zuciya a kanta, in cire wadda ta fi araha don ƙila akwai ciwon da ban gani ba, abin da ya rage a tsakiya shi ne kasuwa. Ka kuma duba ko kuɗin da aka rubuta ya haɗa da la'adar gidan gwanjo, don mai saye ma yana biya, a gwanjon ido da ido kan kai kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, Bring a Trailer kashi 5 ne. Mutum ya taya ya ci yana murna sai takardar biya ta zo ya ga ƙari.

Kar labarin manyan motoci ya ɗauke maka hankali. Eh an sayar da Mercedes 300 SLR Uhlenhaut yuro miliyan 135 a 2022, an sayar da Ferrari 250 GTO dala miliyan 48.4 a 2018, amma waccan guda biyu ce a duniya wannan kuma 36. Ba ruwan farashinsu da Beetle ɗin da aka ƙera sama da miliyan 21.

Daga wancan tsakiyar sai ka fara ƙari da ragi. Takardun tarihi, rasit ɗin gyara na shekaru, littafin sabis, mai ita ɗaya ko biyu tun fil azal, fentin asali ko da ya ɗan koɗe, duk ƙari ne. An canza inji, an canza kala, an yanke rufi, an sa mata kujerun wata mota, ragi ne. Maganar kilomita kuma kar ka ba ta gaskiya da yawa, agogon motocin da yawanci lamba biyar ne, in ya kai 99,999 sai ya koma sifiri, motar da ke nuna 42,000 tana iya zama 142,000 ko ma 242,000, ka dubi robar feda da sitiyari da kujerar direba su za su gaya maka.

Mataki na huɗu: a duba ta, kuma ba mai ita zai kawo mai dubawa ba

Ba a cinikin biri a sama. In ba za ka iya zuwa ba ka biya wani makaniki mai zaman kansa wanda ya san irin motar, ya je ya ɗaga ta sama. A motar da inji ba shi ne babban tashin hankali ba, inji ana sauke shi a gyara a san nawa aka kashe. Tsatsa ce ke cinye mutum, don ba ka sanin iyakarta sai an fara yanka.

Na taɓa tsayawa kan wata mota fenti na sheƙi kamar a lasa, sai wanda ya raka ni ya ciro ɗan maganaɗisu daga aljihu ya naɗe shi a ƙyalle don kar ya karce fenti, ya fara bin ƙasan ƙofa da shi a hankali. A tsakiyar ƙofa yana kamawa caf, yana gangarowa wajen taya sai ya zame ya faɗo ƙasa. Ya sake, ya sake faɗowa. Foti ne aka cika wajen da shi kusan kaurin yatsa aka bi da fenti. Muka ɗaga kafet ɗin wajen ƙafar direba, ga danshi ga wani faci da aka yi da walda kamar an liƙa faranti, muka ciro safaya a but muka ga ramin ya huje har ana hango ƙasa. Mai motar yana gefe yana ta ba mu labarin yadda injin ke tashi bugu ɗaya. Kuma gaskiya ne yana tashi.

To wuraren da za a duba ke nan: ƙasan ƙofofi, dogon ƙarfen da ke ƙarƙashinsu inda ake sa jak, bakin tayoyi, ƙasan batir, ramin safaya, gindin gilashin gaba da na baya, da inda shokozoba ke ɗaure. Maganaɗisu ba ya aiki a bodin alminiyom ko na faiba, can sai na'urar auna kaurin fenti. Motar da ta zauna a ƙasar da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara ƙasanta ya fi ruɓewa, wadda ta zauna a busasshen wuri kuma rana ce ke fasa mata dashbod da robobi, amma wannan ya fi sauƙin magani nesa ba kusa ba.

A tayar da inji yana sanyi, ka ce a ɗauko maka bidiyo a fara da taɓa injin da hannu kafin a murza makulli, don inji mai ciwo in ya yi zafi yana ɓoye halinsa. Sannan lambar shasi, a ɗauki hotonta inda aka buga ta a jikin ƙarfe ba a ɗan farantin da aka kafa da ƙusa kawai ba, a haska da tocila daga gefe, in ka ga alamar an goge da giranda ko walda ta zagaye wajen ko lambobin ba su jeru daidai ba, tafi abinka. Kwastan ɗin Amurka sun kama Land Rover Defender da dama waɗanda aka ɗauki lambar tsohuwa aka liƙa wa sabuwa don a ce ta kai shekara 25, har sun sa an murƙushe wata an ɗauka a bidiyo don ya zama izina, kuma wanda ya saya ne ya yi asara ba wanda ya liƙa ba.

Mataki na biyar: lissafi daga baya zuwa gaba

Wannan shi ne zuciyar abin. Ba tambayar nawa ake sayar da ita a can za ka yi ba, tambayar ita ce nawa za ta tsaya min a ƙofar gida tana da lamba, kuma nawa irinta ke yi a nan. Ka fara da darajarta a inda za ta zauna, ka cire jigila, inshora, haraji, kuɗin ejan da zai fito da ita daga kwastan, kuɗin tasha, rajista, gyaran da makaniki ya lissafa, ka ƙara cire wani abu na ko-ta-kwana don wallahi sai wani abu ya ɓullo. Abin da ya rage shi ne iyakar tayinka, ko sisi kar ka ƙara.

Bari in ba da misali da lambobin da na ƙirƙira don a ga yadda haraji ke hawa kan haraji, mu ɗauki tsarin Ingila. A ce ka sayi mota fam 15,000, ɗaukarta zuwa tasha 800, jirgi 2,500, inshora 300, jimla 18,600. Yawancin ƙasashe kan wannan jimlar suke sa haraji ba kan kuɗin mota kaɗai ba. In a matsayin mota ta yau da kullum ta shiga, kuɗin fito kashi 10 ne wato 1,860, sannan harajin VAT kashi 20 a kan jimlar har da kuɗin fiton, wato 4,092, ka ga 5,952 ke nan. In kuwa ta cancanci shiga a matsayin kayan tarihi ƙarƙashin lambar kwastan 9705, babu kuɗin fito, VAT kashi 5 kawai, 930. Bambancin ya haura dubu biyar a mota ɗaya. Amma sharaɗin shi ne ta kai shekara 30, an daina ƙera irinta, kuma ba a yi wa shasi, inji, birki ko sitiyarinta wani babban canji ba. Ka ga inda canza inji ke cizo sau biyu ke nan, ya rage daraja ya kuma ƙara haraji. Jamus kashi 7 take karɓa a irin wannan, Faransa 5.5. Amurka ita kan kuɗin motar take lissafi ban da jigila, asalin kuɗin fitonta kashi 2.5 ne a ƙaramar mota, 25 a motar ɗaukar kaya irin a-kori-kura, kuma daga 2025 an yi ta taɓa harajin shigo da kaya a can, don haka ka sa ejan ya rubuto maka na ranar da za ka loda.

Wani zai ba ka shawara a rage kuɗin a rasit. Kar ka soma. Jami'in kwastan shi ma yana da intanet, sakamakon gwanjon da ka duba shi ma zai duba, in ya ƙi yarda da rasit ɗinka shi zai yanka nasa farashin ya ɗora tara, sannan ranar da motar ta lalace a hanya inshora kan wannan ƙaramin rasit ɗin za su tsaya.

Mataki na shida: biya da takardun fita

Damfara a harkar nan iri ɗaya ce kullum, mota mai kyau, kuɗi ƙasa da kasuwa, mai ita wai yana tafiya ba zai samu a gani ba, a turo kafin alƙalami yau don akwai wani mai so. Ka ce ya ɗauki hoton motar da takarda mai sunanka da kwanan wata a kan gilashi, ku yi kiran bidiyo ya zagaya ta. Sunan da ke takardar mallaka ya zama shi ne sunan da ke asusun bankin da za ka tura wa. In kuɗin da yawa a bi ta kamfanin da ke riƙe kuɗi amana sai kaya sun fita a saki, kuma kai za ka zaɓi kamfanin, ba link ɗin da ya turo maka ba.

Takardun da dole su zo hannunka: takardar mallaka ta asali, takardar ciniki mai ɗauke da lambar shasi da farashi da sa hannun ku biyu, shaidar babu bashin banki a kan motar, da takardar fitarwa. A Amurka sai an gabatar wa kwastan takardar mallaka aƙalla awa 72 kafin motar ta fita. Japan suna soke rajista su ba da takardar fitarwa, za ka buƙaci fassararta. Ingila kuma abin da ya wuce shekara 50 in darajarsa ta haura wani mizani sai da lasisin fitarwa. Ka bi lambar shasi harafi harafi a kowace takarda, sifiri da harafin O, 5 da S, 8 da B, kuskure ɗaya ya isa ya zaunar da mota a tasha sati uku kana biyan kuɗin kwana.

Mataki na bakwai: jigila

Hanya biyu ce a ruwa. Akwai jirgin da ake tuƙa mota a shiga da ita a fito da ita, wanda ake kira roro, ya fi araha amma dole motar na tashi tana da birki, ba a barin kaya a ciki, kuma hannu da yawa ne za su tuƙa ta, mutanen da ba su san yadda ake jan cok ko shiga giyar motar 1965 ba. Sai kwantena, mai ƙafa 20 mota ɗaya, mai ƙafa 40 biyu ko fiye in an yi musu kanta, ana iya haɗa kuɗi da wani a raba. Ni dai in mota na da daraja kwantena nake cewa, ka kuma samu damar zuba safaya fat a ciki, amma a rubuta su a takarda don su ma ana biya musu haraji. A rage mai ya koma ƙasa da kwata, a cire kan batir, a ɗaure ta ta tayoyi ba ta bamba ba, a sa buhunan shan danshi don kwantena na gumi a teku, a bar gilashi a ɗan buɗe kaɗan. Kafin a rufe a ɗauki hoto ta kowane gefe har da agogon kilomita da lambar hatimin ƙofar.

A wanke ƙarƙashinta tas. Amurka ba sa son ƙasar wata ƙasa ta shigo a jikin mota, Ostireliya da New Zealand sun fi kowa tsanani, ɗan busasshen ganye ko laka a bayan taya sai a sake wankewa a kuɗinka. Ostireliya kuma ta haramta asbestos gaba ɗaya tun ƙarshen 2003, shi kuwa yana cikin birki da kulochi da gaskit na motocin da, mutane sun sha ganin an kwance musu mota a tasha ana gwaji.

Inshora kar ka yi wasa da ita, kuma kar ka ɗauka kamfanin jirgi zai biya ka. A dokar Amurka ta jigilar ruwa alhakin mai jirgi dala 500 ne kan kowane ƙunshi in ba a bayyana daraja ta musamman ba. Ka sayi inshorar da ta rufe kowace irin ɓarna ba wadda sai mota ta salwanta gaba ɗaya ba, a kan darajar da kuka amince a rubuce, al'ada ana sa jimlar kuɗin mota da jigila a ƙara kashi 10. Jirgi na nutsewa fa, Felicity Ace ya kama wuta ya nutse kusa da tsibiran Azores a 2022 da motoci wajen dubu huɗu. Akwai ma wata tsohuwar dokar teku da ke cewa in aka yi asara don ceton jirgi duk masu kaya za su raba, ko motarka ba ta ji ko ƙwarzane ba sai ka ba da naka kason kafin a sake ta, inshora mai kyau ita ke ɗaukar wannan.

In ta ƙasa za a tsallaka, ka ɗora ta a tirela ya fi, motar da ta yi shekaru a ajiye ba a gwada ta da doguwar tafiya. In kuma ziyara kawai za ka kai ta, baje koli ko yawon buɗe ido ka dawo, wannan ba shigo da kaya ba ne, akwai takardar Carnet de Passages da ƙungiyoyin masu motoci ke bayarwa, ka ajiye jingina, a buga hatimi a shiga a buga a fita, shekara ɗaya take yi. Ka sayar da motar a can jinginarka ta tafi.

Mataki na takwas: sauka, fito da rajista

Ka samu ejan tun jirgi bai taso ba, wanda ya taɓa fitar da motar da, ka tambaye shi kai tsaye wace lamba zai shigar da ita kuma me ya sa. Ka tura masa kwafin komai da takardar lodin jirgi tun da wuri, don kwanakin kyauta a tasha kaɗan ne, suna ƙarewa kuɗin kwana ya fara gudu kullum, na tasha daban na kwantena daban. A Amurka fom HS-7 ne na ɓangaren lafiyar mota da 3520-1 na hayaƙi, sai takardar shigarwa 7501 wadda za a nema wajen rajista, ka adana ta kamar ido. A Ingila dole a sanar da hukumar haraji ta tsarin NOVA cikin kwana 14 da isowa, sannan a cike V55/5 a kai hukumar rajistar motoci ta DVLA, in motar ta kai shekara 40 ana iya yafe mata harajin titi da gwajin shekara-shekara. Jamus lamba mai H a ƙarshe suke ba motar da ta kai 30 bayan an duba asalinta.

Ranar buɗe kwantena ka kasance a wajen ko wakilinka, a duba hatimi kafin a yanke, a ɗauki bidiyo, duk wani lotsawa ko karce a rubuta a takardar karɓa kafin ka sa hannu, in ka sa hannu ka fita to magana ta ƙare.

Sai abu na ƙarshe, kar zumuɗi ya sa ka murza makulli ka hau babban titi daga tasha. A kai ta gareji a tirela. A zubar da tsohon mai a duba tanki, a canza duk robar da fetur ke bi don man yanzu mai haɗin ethanol yana cinye robar da, kuma sau da yawa gobarar motocin nan daga tiyon mai da ya tsage take tashi. A canza man birki da tiyoyinsa, a duba lagireto da bel. Fetur mai gubar dalma an daina sayar wa motoci da shi a duniya tun 2021, wasu injinan da an yi su ne don shi, ka tambayi makaniki ko naka na buƙatar maganin da ake zubawa a tanki ko a canza mazaunin bawul. Tayoyi kuma ko zanensu na nan kamar sabo ka karanta lambar da ke gefe bayan haruffan DOT, lamba huɗun ƙarshe sati ne da shekara, 2314 na nufin sati na 23 a 2014, in kuwa lamba uku ka gani to tayar ta girmi shekarar 2000, a cire ta har safayar da ke but.